Tsakanin Yin Wauta da Zama Wawuya

Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke cikin gidaje, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na mata. Wadda ke bakin murhu, sannu da hayaƙi. Wadda ke kan keken ɗinki ko tana murza taliya, sannu da aiki. Mai jego, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya. A ɗan matso da rediyo kusa, a ba yara abin da zai ɗauke musu hankali, domin zancenmu na yau yana son kunne biyu.

Wasiƙa ce ta kawo mu. Wata baiwar Allah ce ta aiko mana daga Unguwar Rogo, nan cikin birnin Sakkwato. Da hannunta ta rubuta, da ajami, ta kuma roƙi a sakaya sunanta, mun sakaya. Ita uwar adashi ce, mata 20 ke zubi a hannunta, kowace naira 5,000 duk wata. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba. To bana sai auren ɗiyarta ta fari ya taso, kayan ɗaki ba su cika ba, ga dangin ango masu ido, ga abokiyar zama da ta aurar da tata bara da gado da kujeru na gani na faɗa. Ana cikin haka ƙanenta ya zo mata da labarin wata harka ta cikin waya, wai ka zuba kuɗi su dawo da riba bayan wata guda. Ta fara gwadawa da ɗan abin da ke hannunta, ya dawo da ribarsa. Sai ta ɗauki zubin wata ɗungurungum, naira 100,000, ta ba shi ya zuba. Maƙwabciyarta da ta ji ƙishin-ƙishin ta leƙo ta ce mata kul, ita kuwa ta yi fushi ta daina gaishe ta. Yanzu harkar ta rufe, kuɗi sun bi ruwa.

Bari in karanta muku ƙarshen wasiƙar yadda ta rubuta. Ta ce: "Wallahi Malama ba rashin sani ba na. Ni ka hana mata shiga irin wanga abu. Da anka cinye kuɗɗin wata ƙawata, ni nic ce mata ba ta da wayo. Yau ga shi ya zo kaina. Kwana tara sunka rage a yi kwasa, maigida bai sani ba, mata ba su sani ba, ni ko ba ni iya kwana. Shin ni wawuya ta?"

To 'yar'uwa, da farko sannu, Allah Ya yaye miki. Ba ki tambaye mu inda za ki samo kuɗi ba, kin tambaye mu ko ke wace ce. Wannan tambayar za mu fara amsawa, domin wadda ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita wawuya ce ba ta da ƙarfin buɗe baki, balle ta nemi gyara.

Mu Hausawa Allah Ya hore mana kalmomi a wannan fage. Akwai wawa da wawuya, akwai sakarai, soko da sokuwa, dolo da doluwa, gaɓo da gaɓuwa, ga kuma shashasha. In faɗa ya kaure a tsakar gida duk sai an zazzage su. Amma ku lura da wani abu a bakinmu. Muna cewa "wance ta yi wauta", muna kuma cewa "wance wawuya ce". Ta farko aiki ce, an yi ta rana kaza a wuri kaza, kamar yadda ake yin wanki ko daka. Ta biyu kuwa suna ce, an liƙa wa mutum ita ya tafi da ita duk inda ya nufa. Sau da yawa muna cakuɗa su, har mu ɗauka abu ɗaya ne.

Abin da ya fara buɗe mini ido a kan wannan bambanci wata kalma ce da na ci karo da ita lokacin da nake karatun harsuna a jami'a, kuma daga nesa ta fito, daga harshen Ibraniyanci. Shi ne harshen Bani Isra'ila na dā, wanda aka rubuta tsofaffin littattafansu da shi, waɗanda Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari. An fassara su zuwa Hausa tare da sauran Littafi Mai Tsarki, aka buga a 1932. Kada sunan harshen ya ba ku tsoro. Ɗan'uwan Larabci ne na kusa, daga dama zuwa hagu ake rubuta shi, kamar ajamin da wannan baiwar Allah ta rubuto mana, baƙaƙensa 22. Masana harsuna ma sun sa Hausa cikin babban dangi ɗaya da su biyun, sai dai zumuncin ya yi nisa. Mu muna cewa "mutu", Balarabe ya ce "mautu", su kuma "mut". Basakkwace ya ce "mi?", Balarabe ya ce "ma?", su ma "ma?".

Kafin in ci gaba, ga wata ƙa'ida. Labaran da zan kawo na littattafan Bani Isra'ila ne, babu su a Alƙur'ani. Malamanmu sun yi bayani cewa irin waɗannan labarai, matuƙar ba su ci karo da abin da aka saukar mana ba, ana iya ba da su, ba a gaskata su ba a kuma ƙaryata su. Mu kalma muke bi, muna son mu ga a kan wa aka faɗe ta, kuma me ya yi aka faɗa masa.

Kalmar ita ce "sakal". Kunne zai ji ta kusa da "sakarci", to ku riƙe wannan kamar don tunawa kawai, kama da wane ba ta wane. Aikatau ce, wato kalmar aiki, ma'anarta yin wauta ko mayar da abu wauta. In za a ce wa namiji "ka yi wauta" sai a ce "niskalta". In mutum zai ce "na yi wauta" sai ya ce "hiskalti" ko "niskalti". 'Yan Islamiyya za su ji ƙamshin "fa'alta" da "fa'altu" a ƙarshen kalmomin. A duk faɗin littattafan nan sau 8 wannan aikatau ta fito. Sau 5 a kan sarakuna. Sau ɗaya a kan shawarar wani mashawarcin fada da ya yi suna wajen basira. Sau ɗaya a kan ilimin masu hikima. Ɗayar kuma wani suruki ne ya faɗa wa mijin 'ya'yansa cikin fushi. Ko sau ɗaya ba a faɗe ta a kan mai taɓin hankali ko wanda aka haifa da rauni a ƙwaƙwalwa ba. Kun ji inda gizo ke saƙa. Masu hankali ake gaya wa ita.

Ga misali na farko. Sarkin farko na Bani Isra'ila, wanda littafinsu ke kira Saul, shi ne malaman tafsiri suka ce Ɗalutu, kuma kun san a Suratul Baƙara an yaba masa da yalwar ilimi da ƙarfin jiki. Littafinsu, a babi na 13 na littafin farko mai ɗauke da sunan Annabi Shamwilu, ya ce Filistiyawa sun taho da yaƙi, shi kuwa yana wani wuri da ake kira Gilgal. An umarce shi ya jira Shamwilu kwana 7, ya zo ya miƙa hadaya kafin a yi komai. Ya jira. Kwana na tafiya, mayaƙansa na sulalewa ɗaya bayan ɗaya saboda tsoro. Da rana ta bakwai ta yi bai ga Shamwilu ba, sai ya ce a kawo dabbar, ya miƙa hadayar da kansa. Gamawarsa ke da wuya sai ga Shamwilu. Ya tambaye shi me ya aikata. Sarki ya shiga jero dalilai, mutane na watsewa, kai ka yi jinkiri, abokan gaba sun matso. Amsar da ya samu ta fara da kalmar nan, "niskalta".

Ku duba da kyau. Sarkin nan ya san umarnin, har ya kiyaye shi kwana shida da wani abu. Dalilansa kuma ba ƙarya ba ne, mutane suna watsewa da gaske, domin da aka ƙirga waɗanda suka rage kimanin 600 ne. Tsoro ne ya zo ya danne abin da ya sani, sauran ɗan lokaci kaɗan. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. 'Yar'uwata ta Unguwar Rogo, ranar biki na matsowa, idon dangin ango da gorin kishiya na kanki, Gilgal ɗinki ke nan.

Misali na biyu ya fi kama da naki. Wani sarki ne mai suna Asa, na ƙasar Yahuza, fadarsa a birnin Ƙudus, labarinsa na cikin Littafin Tarihi na Biyu, babi na 14 zuwa 16. Mutumin kirki ne, ya rushe wuraren tsafi. A farkon mulkinsa wani mayaƙi daga ƙasar Kush ya taso masa da runduna mai yawan gaske da karusai 300, ya kai kukansa ga Allah, ya yi nasara. To a shekara ta 36 ta sarautarsa sai maƙwabcinsa na arewa, Sarki Ba'asha, ya fara gina wani gari mai suna Rama don ya toshe masa hanyar shiga da fita. Wannan barazana ba ta kai ta farko ba. Amma sai Asa ya buɗe taskar ɗakin ibada da ta fadarsa, ya kwashi azurfa da zinariya ya aika wa Ben-Hadad sarkin Dimashƙa, ya saye shi don ya juya wa Ba'asha baya. Dabarar kuwa ta ci. Ba'asha ya bar ginin ya koma gida. Duk wanda ya gani a ranar cewa zai yi sarki ya yi wayo.

Sai wani bawan Allah mai suna Hanani ya shigo fada, ya tuna masa wancan yaƙi na farko da wanda ya cece shi, ya ce masa "niskalta". Me kuke tsammani Asa ya yi? Fushi ya yi, ya sa aka jefa Hanani a kurkuku, har ya shiga musguna wa wasu talakawansa.

Abu uku nake so ku tsinta a nan. Ya taɓa dukiyar da amana ce a hannunsa. Karon farko abin ya yi daɗi, kamar yadda 'yar ribar farko ta dawo wa mai wasiƙarmu, kuma daɗin farkon nan shi ne ƙugiyar. Na uku, wanda ya fi muni, ya rufe bakin mai gaya masa gaskiya. Mu mata ba mu da kurkuku, amma muna da gaba. In kin daina gaishe da maƙwabciya don ta ce miki kul, to kin kulle Hanani ɗinki.

Shi Ibraniyanci yana da wata kalma dabam ta wanda wauta ta zame masa hali, ita ce "nabal". Har akwai wani attajiri da sunansa ke nan, Nabal, mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, a babi na 25 na littafin Shamwilu na farko. Mutanen Annabi Dawuda, alaihis salam, tun kafin ya yi sarauta, sun tsare masa makiyaya a daji, ko akuya ɗaya ba ta ɓata ba. Ranar askin tumakinsa, ranar yanka da walima, suka aiko neman abin sawa a baka, ya kore su da baƙar magana. Fitina ta tunkaro gidan. Wani bara ya ruga wurin uwargida, ya ce mata ta yi wani abu, domin maigida mutum ne da ba a iya gaya masa magana. Ku riƙe wannan siffa, ita ce alamar wawa na ainihi. Ita kuwa matar, Abigel, ta ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da curin ɓaure 200 da sauran kaya a kan jakuna, ta tari mutanen a hanya, ta ba da haƙuri, gidan ya tsira.

Kalmar da littafin ya yabi wannan mace da ita ita ce "sekel", wato hankali da basira. Ku saurara, "sakal" yin wauta, "sekel" hankali. A kunne baƙaƙensu iri ɗaya ne, sa, ka, la. A rubuce ne kawai harafin farko ya bambanta, kamar yadda ɗalibar allo ke rarrabe sin da sad. A harshen nan hankali da wauta katanga ɗaya suka haɗa, kuma haka yake a zuciyar kowace ɗaya daga cikinmu. Mace ɗaya ce ta riƙe amanar mata 20 shekara da shekaru, ita ce kuma ta zubar da ita a yini ɗaya.

Mu dawo gida. A Alƙur'ani kalmar da aka fi sani a wannan babi ita ce "safihi", jam'inta "sufaha'u", wadda marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fassara da "wawaye" a tarjamarsa ta Hausa. Malaman lugga sun ce asalinta rashin nauyi ne, har Larabawa kan kira tufar da saƙarta ta yi shara-shara da wannan kalma. Wato hankalin da iska kaɗan ke kaɗawa. A farkon Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, an hana a damƙa wa irin waɗannan dukiya, an kuma ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu abinsu. A nan malaman fiƙihu suka kafa hukuncin riƙe wa mai almubazzaranci dukiyarsa har ya shiryu. Kun ga ko a shari'a ƙofar a buɗe take, in shiriya ta bayyana sunan ya faɗi.

Kuma a rarrabe wauta da jahilci. Jahilci rashin sani ne, maganinsa karatu. Shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa a kansa a littafinsa Nurul Albab, inda ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Shi ne kuma ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, take kwance a Hubbare nan cikin garinmu, ta yaƙa da ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai wa matan ƙauyuka karatu har cikin gidajensu. Wauta kuwa sanin yana nan, an ajiye shi gefe ne na ɗan lokaci don tsoro ko kwaɗayi ko girman kai. Mai wasiƙarmu da bakinta ta ce ba rashin sani ba ne. Saboda haka ƙarin wa'azi a kan haɗarin waɗannan harkoki ba shi ne maganinta ba, ta fi mu sani yanzu.

To ga amsarki, 'yar'uwa. Kin yi wauta, babba kuwa, kuma ba zan shafa miki mai a baki ba, kuɗin mata ne, wata ƙila da shi za ta sayi maganin ɗanta, wata jarin ƙuli-ƙulinta ne. Amma wawuya ba ta rasa barci a kan haƙƙin mutane, ba ta kuma ɗaukar alƙalami ta nemi a gaya mata gaskiya. Yau kina layin masu "sakal". Abin da za ki yi a kwana taran nan shi zai nuna ko za ki fita, ko za ki gangara layin Nabal.

Ki fara da maigida, yau ɗin nan, bayan ya ci abinci ya natsu. Ki ce masa, "Malam, na yi wauta," ki faɗi adadin kuɗin da inda suka tafi. Kada ki bi hanyar sarkin Gilgal ta jero dalilai, ƙanena ne ya ruɗe ni, kishiya ce ta matsa mini, kai ne ba ka kawo kuɗin gado ba. Ko da akwai gaskiya a ciki, ranar ba tasu ba ce. Zai yi faɗa, ki daure. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin masallaci.

Sannan ki aika a kira wadda kwasar wannan wata ta faɗo kanta, ita kaɗai tukuna, domin ita ce ta fi kowa cutuwa, kuma tana da haƙƙin ta sani tun da sauran kwanaki, ta san yadda za ta yi da buƙatarta. Bayan ita sai sauran. Kada ki bari sai ranar kwasa an cika miki tsakar gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wadda ta riga ta faɗa da kanta ba ta jin kunya irin ta wadda aka tono.

Kada ki je musu hannu rabbana. Ki duba abin da kika mallaka, 'yan kunne ne, tunkiya ce, ko cikin kayan ɗakin da kika riga kika tara. Ki sayar ki kawo abin da ya samu, ko rabi ne. Abin sana'arki kam ki bar shi, da shi za ki biya saura. Ragowar a rubuta shi bashi, nawa ne, nawa za ki riƙa bayarwa duk wata, a gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, babu abin kunya a ciki. Kuma ina roƙonki da girman Allah, kada ki ci wani bashin mai ruwa ko ki taɓa zubin wata mai zuwa don ki rufe wannan. Rami ne za ki haƙa don cike rami.

Faɗar "na yi wauta" ita kaɗai ba ta isa ba. Shi wancan sarki Saul, daga baya ya faɗe ta da bakinsa. Yana farautar Annabi Dawuda da mutum 3,000, sai Dawuda ya shigo sansaninsa da dare, ya ɗauke mashi da butar ruwa daga wajen kansa, bai taɓa shi ba. Da sarki ya farka ya gane an bar shi da rai, ya ce "hiskalti". Amma littafin ya nuna kafin wannan ma ya taɓa yin kuka ya amsa laifinsa, sannan ya sake ɗaura ɗamarar farauta. Magana ta gaskiya ita ce wadda biya ya biyo bayanta.

Ɗiyarki kuma ki zaunar da ita ki gaya mata za a kai ta da abin da Allah Ya hore. Katifa da tukwane da albarkar iyaye sun zaunar da aure da yawa a garin nan, gado mai madubi kuwa bai taɓa hana saki ba. Maƙwabciyarki, ki aika yaro da ɗan abin marmari, in maigida ya yi izini ki shiga da kanki da dare ki ce mata, "Yaya, kin faɗa ban ji ba, ki yafe ni." Mai ce miki kul tun kafin ki faɗa rami ta fi miki masu ce miki sannu bayan kin faɗa.

Sauran masu saurare, kada wata ta ce ita ta fi ƙarfin wannan. A 2016 wata harka mai suna MMM, wadda wani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Mavrodi, ya ƙirƙiro, ta yi wa 'yan Nijeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda. A watan Disamba na shekarar ta rufe asusun mutane, miliyoyin jama'a suka shiga uku. A watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX ta sake yin irin ta. Cikin waɗanda abin ya ci akwai malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa masu lissafi. Yadda abin yake, kuɗin sababbin shiga ake ba na farko a ce riba ce, ranar da sababbi suka ƙare sai a rufe. Duk sunan da za ta sake zuwa da shi, in aka ce kuɗi zai haihu ba saye ba sayarwa, ki riƙe abinki. Kuma duk lokacin da kika ji zuciya na ce miki yi maza kafin a sani, ki tsaya ki tambayi kanki, tsoron wa ke tura ni, kuɗin wa ne a hannuna, wa nake ɓoye wa? In amsar ta ƙarshe ita ce mijinki ko mahaifiyarki ko aminiyarki ta gaskiya, to ki kwana a kan maganar tukuna.

Ku kuma 'yan adashin da za a zo wa da wannan labari, a Unguwar Rogo ne ko a wata unguwa, ba na ce ku yafe kuɗinku ba, haƙƙinku ne, ku karɓa. Amma mace ta tako ta ce muku "na yi wauta", kada ku mayar mata da "wawuya". In kuka yi mata tambari da wannan suna a gidan biki da gidan suna, kun koya wa ta gaba cewa ɓoyewa ta fi faɗa, kuma ta gaban tana iya zama mai riƙe da kuɗinku.

Haka nan ga 'ya'yanmu. Yarinya ta dawo daga aike ta zubar da manja, ko ta ɓatar da canji, me ke fara fita bakinmu? "Wawuya, sokuwa, doluwar banza." Tana ji safe da yamma har ta yarda sunanta ke nan, ranar da ta yi babban kuskure kuwa ba za ta zo gare ki ba. Ki gwada ce mata, "Kin yi wauta, kin san ba a gudu da kwano a hannu, gobe me za ki yi?" Kin tsawata, kin kuma tuna mata cewa tana da sanin da za ta koma gare shi.

'Yar'uwarmu ta Unguwar Rogo, muna jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mana yadda kuka ƙare da maigida da mata. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya buɗa miki hanyar biya, Ya sanya albarka a auren ɗiyarki. Mu kuma Allah Ya tsare mu da aikin da na sani, Ya ba mu masu gaya mana gaskiya da kunnen sauraronsu.

Nan za mu dakata, na ga lokaci ya yi halinsa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko yaro da takardarta kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.